Ƙafar Hagun Baba Dogara

Ranar Talata, goma sha biyu ga watan Agusta na 2025, cikin watan Safar, ana fitowa daga sallar Azahar, Allah Ya karɓi abinSa. Malam Dogara direba, na unguwar Kusfa a cikin birnin Zazzau, ya rasu a ɗakinsa bayan jinyar 'yan watanni. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu tattara mu koma, babba da yaro. An sallace shi bayan La'asar ana ɗan yayyafi, aka kai shi makwancinsa.

Ni ne Kabir, mijin 'yarsa Hafsat. Wanda ya san mu zai yi mamakin ganin wannan rubutu, domin a garinmu suruki ba ya miƙewa a gaban jama'a ya yi dogon bayani a kan surukinsa. Ni kaina kunya nake ji, wallahi, tun daga layin farko.

Baba, ku yi mini haƙuri. Fiye da shekara goma ina auren 'yarku, ban taɓa kai loma baki a gabanku ba, ban taɓa haɗa ido da ku da gangan ba. In na hango ku a lungu, takalmi nake cirewa in durƙusa tun kafin ku iso. Yau ga ni ina yi muku magana mai tsawo, kuma a inda kowa zai ji. Dalili ɗaya ne. An ɓata mini suna a unguwar nan, ku kuka wanke shi, kuma da mutuncinku kuka biya. Wannan ba abin da zan haɗiye in yi shiru ba ne.

Wanda bai san ku ba, bari in gaya masa. Fiye da shekara talatin kuna tuƙa motar gidan burodin Mama Ethel da ke Wusasa. Malamar makaranta ce ita a da, ta ajiye alli ta kama tanda, ku ne direbanta na farko, kuma ba ta taɓa neman wani ba. Motar fara ce mai rufaffen baya, mai shan dizal. An sake ta a tsawon shekarun nan, amma duk wadda aka kawo suna ɗaya kuke ba ta: Gwaggo. Kullum bayan Asuba ku ɗauko burodi da zafinsa, ku shigo ta Ƙofar Kuyambana, ku bi masu shayi lungu-lungu, Kusfa, Babban Dodo, Amaru, sannan ku fita ku kama hanyar ƙauyuka, Dakace, Maigana, har Soba.

Mutanen birni sun san ku da abubuwa da yawa. Sun san ba ku danna oda a lungun da ake zaman makoki. Sai ku lallaɓa ku wuce kamar mai tafiya da sanɗa. Matan ƙauye sun san in sun tsaya bakin titi da kwandon tumatir, kuma mota ta sauke kaya, ba za ku wuce su ba, kuma ba za ku karɓi ko sisi ba. Inna Khadija, matarku, ta sha ba da labarin ranar da kuka ajiye rabon burodi kuka juya da matar wani mai shayi da naƙuda ta zo mata da gardama, kuka kai ta asibiti a Wusasa, kuka zauna a waje har ta sauka. Da kuka koma kuna ba Mama Ethel haƙuri a kan burodin da ya huce, cewa ta yi, "Dogara, da ka wuce matar nan, da yau ka ajiye mini makullina."

Amma abin da direbobi suka san ku da shi, shi ne mai. A tasha ana cewa jarkar man da za ta kai wani direba Maigana ta ƙare, Baba Dogara sai ta kai shi Soba ta juyo da shi. Wasu sun ce asiri ne. Wasu sun ce kuna haɗa shi da kananzir. Ku dai murmushi kuke yi, ku ce asirin yana ƙafar hagu da kunne.

Ni kuwa daga bas ɗin haya na fito, Zariya zuwa Kaduna, mai shan fetur. Ƙafata nauyi gare ta, zuciyata ma kusa take. A tasha an san ni da faɗa. Da mai ya yi tsada, mai bas ya sayar da abarsa, na zauna a gida ina kallon bango. Ba ku kira ni ba, ai ba zai yiwu ba. Ta bakin Hafsat saƙo ya zo: wai Mama Ethel na neman wanda zai riƙa kama wa Baba tuƙi da sauke kaya. Na daɗe ina juya abin. Suruki da suruki a gaban mota ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, daga safe har yamma! Amma ga iyali, ga tukunya. Na je. Aka tsara ku ne za ku riƙa tuƙa cikin birni da tafiya, ni in tuƙo dawowa.

Ranar farko da na kama sitiyari a gabanku, mun taso daga Soba babu kaya. Na taka totur yadda na saba taka bas, na ja giya lamba biyu har inji ya kama ihu. Ba ku dube ni ba. Kuka ɗora tafin hannu a gaban motar, kuka ce a hankali, "Haba Gwaggo, wa ya taɓa ki kike kururuwa? Ke ba yarinya ba ce. Ƙarfinki a ƙasa yake, ba a sama ba." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sa ta uku, na sa ta huɗu. Kuka ce, "Yawwa Gwaggo, kin ga yanzu kin samu numfashi."

Haka kuka koya mini aikin gaba ɗaya, ba tare da kun ce mini na yi kuskure ko sau ɗaya ba. Gwaggo ce kullum mai laifi. In na bar ta a lamba biyar a kan tudu tana kakkarwa tana fitar da baƙin hayaƙi, sai in ji, "Gwaggo, ba a hawa tudu da girman kai, sauko ki ɗauki ta huɗu." In na manta ƙafa a kan kuloci, "Gwaggo, wa ke jingina da ke?" In na bar inji na aiki muna sauke kaya, "Gwaggo, a tsaye ma ci kike?" Ranar da na sake ta a firi a gangara, wato na cire ta daga giya, kamar yadda rabin direbobin ƙasar nan suke yi wai don su tsira da mai, a nan ne kawai na ji muryarku ta yi kauri. Kuka ce, "Gwaggo, wa ya kwance ki? Koma cikin giya. In an ɗage miki ƙafa a gangara ai ba abin da kike sha, ga shi kuma kina riƙe da kanki. Man da ake wa wannan ganganci bai kai ran akuya ba, balle na mutum." Ban sake ba har yau.

In na dawo gida fuska a murtuke, Hafsat sai ta ajiye mini ruwa tana danne dariya, ta ce, "Yau kuma me Gwaggo ta yi?"

Na tuna lokacin da wani bakanike ya ba Mama Ethel shawarar a sa wa motar aksul mai gudu, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, da manyan tayoyi, wai za ta rage shan mai. Kuka ce mata wannan gaskiya ne ga mai bin doguwar hanya ba ya tsayawa. Mu kuwa rabin aikinmu a lungu ne, tashi da tsayawa, da kaya har rufi; in aka yi mata dogon taku, sai an riƙa jan ta da rabin kuloci, abin da aka samu a titi a zubar da shi a birni. Ta bar motar yadda take. Ni ina gefe ina ɗaure tiren burodi, ina jin daɗi kamar ni aka yaba.

A daminar bara abin ya fara. Ni na fara gani, domin ni ke zaune kusa da ku. Na lura in za ku taka kuloci, sai hannunku na hagu ya sauka a kan gwiwa ya taya ta dannawa. Na kau da kai. Bayan 'yan makonni hannun ma ya daina isa. Sai kuka koma sa giya da kunne, ba kuloci, ku saurari inji ku zura ta daidai lokacin da za ta shiga da kanta. A buɗaɗɗen titi abin yana yi, har ina sha'awa. A lungu ne ba ya yi, inda ake tsayawa a kowace ƙofa. Wata safiya a Babban Dodo giya ta ƙi shiga, ta yi wata irin ƙara da ta sa duk masu shan shayi suka waiwayo. Wani mai tsautsayin baki ya ɗaga murya yana dariya, "Baba Dogara, yau koyon tuƙi ake yi ne?" Wasa yake yi, Allah Ya sani. Amma na ga yadda kuka damƙe sitiyari.

Daga ranar kuka daina canja giya sai dole. A birni ku samu ku jefa ta lamba biyu ku bar ta a nan. A titi in ta shiga ta uku, to ita ce har Soba, da kaya fal, inji na ihu, mai na tafiya kamar ana zubar da shi a ƙasa. Kuma kuka daina yi wa Gwaggo magana. Wannan ya fi komai damuna. Tana kururuwa babu mai lallashinta, mu biyu muna zaune kowa na kallon gabansa. Kun san na sani. Na san kun san na sani. Wa zai fara buɗe baki?

Na gwada 'yan dabaruna. Na riƙa riga ku zuwa in zauna a kujerar direba kamar ina ɗumama inji. Sai ku zo ku tsaya a bakin ƙofa, ni kuma in zame in koma gefena. Ta yaya zan dubi uban matata, mutumin da duk Zazzau ta sani da iya giya, in ce masa ya gaza? Harshena ba zai ɗauka ba.

A lokacin dizal ya yi tsadar da kowa ya sani, har gidajen burodi na rufewa. Ronald, ɗan Mama Ethel, shi ya karɓi kula da gidan, kuma shi ke zuba mana mai. Ba mugun mutum ba ne, ina so a san wannan. Ya kai motar an duba nozul mai fesa mai cikin inji, an duba famfon mai, an ce lafiyarsu lau. Sai ya kira ni gefe, ya ce, "Malam Kabir, tun da aka sayi motar nan ba ta taɓa shan mai haka ba. Me ya canja?" A idonsu abu ɗaya ne ya canja a motar, shi ne ni. Na fahimci inda tambayar ta dosa. Ni da na sha cakumar wuyan mutum a tasha a kan maganar da ba ta kai wannan ba, sai na sunkuyar da kai na ce Allah ne masani.

Sai na yi wata dabara da nake ganin hikima ce. Da yake ba ma cin abinci tare, in mun isa Soba ku kan shiga shagon wani abokinku ku ci, ni in ci a bayan mota. Na fara amfani da wannan lokacin in sayo dizal a jarka daga aljihuna, in zura tiyo in ƙara a tanki, don giɓin ya ragu. Rannan wani mai sayen burodinmu ya zagayo ya same ni tsugune, ga jarka, ga tiyo a bakin tanki. Ya ce, "Sannu da aiki," ya juya. Mutumin da aka gani da tiyo a bakin tankin motar da ba tasa ba, wa zai tsaya tambayar zubawa yake ko zuƙa? Kafin mu iso Wusasa labari ya riga mu ta waya.

Baba, ban taɓa gaya muku yadda watannin nan suka kasance ba. A Kusfa aka sa mini suna Mai Tiyo. In na doso majalisa sai hira ta mutu. Mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallaci suka koma ba ni hannu da yatsu biyu. Ku kuwa babu wanda ya gaya muku, saboda girmanku. Kowa tausayinku yake ji, wai Allah Ya haɗa dattijon kirki da ɓarawon suruki. Hafsat a gidan biki ta ji. Ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta tsare ni, ta ce in gaya mata gaskiya tsakanina da Allah. Na gaya mata. Ta yi kuka, ta ce gobe za ta je ta same ku. Na ce ban yarda ba. Na ce mata, "In kika faɗa, kin sauke shi daga motar nan, kuma kin san mahaifinki. In ya sauka, me ya rage masa?" Ta ce, "Kai fa? Sunanka fa?" Muka kwana kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Mama Ethel ce ta fasa ƙwan, ba tare da ta san abin da take fasawa ba. Ita ta ba ni labarin da bakinta ranar sadakar uku, tana share hawaye. Ta ce gab da azumi ta kira ku gefe, ta ce, "Dogara, albarkacinka ne ya sa ban sallami mijin Hafsat ba. Ka ja masa kunne a gida, maganar man nan ta isa." Ta ce kun dube ta kamar ba ku ji Hausa ba. Kuka tambaye ta tun yaushe ake faɗin haka. Da ta gaya muku, sai kuka dafa bango.

Washegari da safe, an gama lodi, tsakar gidan burodin cike da ma'aikata da masu sari, kuka ce kowa ya matso. Kuka hau kujerar direba kuka bar ƙofa a buɗe. Sannan kuka yi abin da har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Kuka naɗe ƙafar wandonku har gwiwa, a gaban mata, a gaban yaran aiki, a gabana. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi tana sheƙi. Kuka tada inji, kuka ɗora hannu biyu a kan sitiyari don kowa ya ga ba sa taimakawa, kuka taka kuloci. Ko rabi bai sauka ba. Kuka tura giya, ta yi ƙarar nan. Kuka sake, ta sake. Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Kuka kashe motar, kuka nuna ƙafar, kuka ce, "Ethel, Ronald, ga ɓarawon manku nan."

Sannan kuka juyo kuka dube ni. Kuka ce, "Kabir." Ban taɓa jin sunana a bakinku ba sai ranar, mijin Hafsat kuke cewa, ko Malam. Kuka ce, "Na san mai na tafiya. Na yi shiru don ina kunyar ka ga na gaza. Ban san kai ake jifa ba. Ka yafe mini."

Innalillahi! Dattijo mai furfura, uban matata, yana roƙona gafara a tsakiyar mutane da ƙafa a buɗe. Da dukana kuka yi da ya fi mini sauƙi. Ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Na fizge tawul ɗin da ke wuyana na yafa a kan ƙafar, ina cewa, "Ku rufe, Baba, don Allah ku rufe, ba ku yi mini komai ba." Kuka zare makulli kuka miƙa wa Mama Ethel. Ta riƙe shi tana kallonsa, sannan ta miƙo mini. Ronald ya zo ya kama hannuna da hannu biyu yana ba ni haƙuri, ni ko ganinsa ba na yi sosai. Ranar ni na tuƙo ku gida kuna zaune a gefena, ba ku sake hawa kujerar direba ba.

A Wusasa magana ta mutu a nan. A Kusfa ba ta mutu ba, kuma wannan ne nake jin nauyin faɗa, domin unguwata ce. Aka ce tsoho ya ɗauki laifi ne don ya rufa wa 'yarsa asiri. Aka ce tun yaushe ciwon ƙafa ya fara shan dizal? Tiyon fa, shi ma ciwon ƙafa ne? Da shan man motar ya koma daidai a hannuna, sai aka ce ai ya ji tsoro ne ya daina. Kun tuɓe mutuncinku a gaban jama'a saboda ni, ga shi an ce ƙarya kuka yi. Na so in fita in yi irin haukan da na saba a tasha. Abin da ya hana ni, ku ne kuna zaune a zaure kuna jin komai.

Zaman zauren nan bai karɓe ku ba. Mutumin da rana ba ta taɓa fitowa ta same shi a gida ba, ya koma kallon masu wucewa. Ƙafar ta ci gaba da cin ku, aka yi na asibiti aka yi na gida. Mama Ethel ta riƙa zuwa da kanta duk mako da burodi a leda, ta zauna ɗakin Inna Khadija su yi ta hirar zamanin da. Ni kuma kullum da yamma in zo in durƙusa daga bakin ƙofa in ce, "Ya jiki, Baba?" ku ce, "Da sauƙi, ya hanya?" in ce lafiya lau. Iyakarta ke nan. Muka koma yadda muke, kamar ranar nan ba ta faru ba, alhali kullum na dubi yadda kuka rame sai in ji sunana bai kai wannan farashin ba.

Ranar Talatar ina Maigana Hafsat ta kira ta ce kun cika. Na juyo da sauran burodin a mota. Na tarar da ƙofar gida cike, har lungu ya toshe. Na samu gefe na tsuguna cikin jama'a, inda suruki ya kamata ya tsuguna. Sai Liman ya fito daga zaure ya ce, "Ina Kabir?" Na ɗauka aike ne, ko likkafani za a sayo. Na miƙe. Ya ɗaga murya yadda na ƙarshen lungu zai ji, ya ce, "Jama'a, marigayi ya bar wasiyya a wurina, a gaban shaidu, kuma ya ce in faɗe ta a fili. Ya ce kada kowa ya yi masa wanka sai Kabir. Ya ce wankan gawa sai amintacce, shi kuma a duk Kusfa bai san wanda ya kai shi amana da rufa asiri ba."

Ga Usman babban ɗanku a tsaye, ga ƙannenku, ga malamai da suka yi wa ɗaruruwa wanka. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni fa suruki ne." Ya ce, "Ya san da haka. Shigo."

Na shiga. Liman ya tsaya a gefena yana gaya mini abin da zan yi, Usman yana zuba ruwa. Na naɗe ƙyalle a hannu. Mutumin da ban taɓa iya kallon fuskarsa ba, yau ni ne na yi masa alwala, na wanke masa gemu. Kunyar da na ji a ɗakin nan ban taɓa jin irinta ba, kuma ba na fatan in sake. Na wanke ɓangaren dama. Na zagayo na hagu, na sauko har ƙafar. A nan zan tsaya. Abin da na faɗa a baya ku kuka bayyana shi da kanku a gaban mutane, shi ya sa na iya rubutawa. Abin da mai wanka ya gani kuwa, da shi ake binne shi.

Da na fito, mutanen da suka sa mini suna suka dare suka ba ni hanya. Wasu suka miƙo hannu, cikakken hannu. Wani dattijo daga cikinsu ya riƙe ni yana cewa in yafe musu. Na ce Allah Ya yafe mana gaba ɗaya, amma ban iya ɗaga kai ba. Ba daɗi na ji ba, Baba, kada wani ya zaci haka. Nauyi na ji. Kuna kwance kuna fama da ranku, kowa a irin wannan hali ta kansa yake yi, ku kuwa kuna tunanin yadda za ku yi da gawarku ku wanke mijin 'yarku.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Khadija, wadda ta yi jinya ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ina yi wa Usman da ƙannensa, waɗanda aka tsallake su aka kira ni, kuma ba su nuna mini komai ba sai karamci. Ina yi wa Hafsat, da ta zauna tsakanin uba da miji ta riƙe bakinta har Allah Ya kawo ƙarshen abin. Ina yi wa Mama Ethel da Ronald da duk ma'aikatan gidan burodi, da suka rufe tanda ranar suka zo suka tsaya a lungunmu cikin yayyafi har aka dawo daga maƙabarta. Ina yi wa masu shayin birni, da matan ƙauyukan hanyar Soba, da jama'ar Kusfa baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya sa mu cika da imani.

Baba, Allah Ya jiƙan ku, Ya gafarta muku, Ya yalwata kabarinku Ya haskaka shi. Allah Ya sa ciwon da kuka sha ya zama kaffara. Yadda kuka ƙi barin a ci mutuncin wani saboda ku, Allah kada Ya tona muku asiri ranar da asirai za su tonu. Ni na yi iyakar abin da hannuna ya iya. Allah Ya yi muku wankan da ya fi nawa, amin.